Tambaya da Amsa: Ina Zaƙi da Ƙamshin Sitiroberin Da?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni haifaffiyar Jos ce, aure ne ya kawo ni Abuja. Lokacin da muke yara, da zarar hunturu ya kankama mahaifinmu yakan kawo mana sitiroberi daga wajen Vom a cikin ɗan kwando. 'Ya'yan ƙanana ne, amma tun kafin a buɗe kwandon ƙamshinsu ya riga ya cika ɗaki. Yanzu kuwa ina sayen manya-manya masu sheƙi a kantunan zamani da tsadar gaske, idan na yanka sai in tarar da cikin fari fat, ga tauri, a baki kuma salam. Yarana ba sa ci sai an barbaɗa sukari. Shin bakina ne ya canza, ko kuwa abin ne ya lalace? Kuma da gaske ne wai allura ake yi musu don su yi girma? Daga wata uwa, Gwarimpa, Abuja.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Laifin ba na bakinki ba ne, ko da yake yana da ɗan rabo a ciki da zan ambata a gaba. Ƙorafin da kika kawo shi ne wanda masu saye a Turai da Amurka suka daɗe suna yi, har masana inganta iri da kansu suka yarda cewa an yi shekaru masu yawa ana fifita girma, da tauri, da yawan amfani a kan ɗanɗano. Batun allura kuwa ki cire shi daga ranki. Babu manomin da zai iya bin dubban 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya da sirinji, kuma ɗan itacen da fatarsa ba ta jure matsawar yatsa, idan aka huda shi ruɓewa zai yi kafin ya isa kasuwa. Girman da kike gani daga iri yake, da taki, da yawan ruwa.

Shi wannan sitiroberi da duniya take nomawa a yau ba daɗaɗɗen abu ba ne. Kafin ƙarni na 18, abin da Turawa suka fi sani shi ne na daji, ɗan mitsitsi mai ƙamshi sosai, wanda ba ya kai ko'ina idan aka tsinke shi. A 1714 wani injiniyan sojan Faransa mai suna Amédée-François Frézier ya dawo daga ƙasar Chile da tushe 5 masu rai na wani iri da mutanen Mapuche suka daɗe suna nomawa, mai manyan 'ya'ya masu hasken launi. Da farko tsiron ya ƙi yin 'ya'ya, domin duka tushen da ya kawo masu furen mace ne. Sai da aka dasa su kusa da wani irin da aka kawo daga gabashin Amurka ta Arewa, wanda 'ya'yansa ƙanana ne jajaye masu daɗi, sannan aka samu barbara a tsakaninsu a yankin Brittany na Faransa wajen shekarun 1750. A 1766 wani matashin masanin tsirrai, Antoine Nicolas Duchesne, ya bayyana cewa sabon irin haɗin waɗannan biyun ne. Daga na Chile ya gaji girma, daga ɗayan ya gaji ja da ɗanɗano, kuma tun daga wancan lokaci masu zaɓen iri suke jan sa zuwa ɓangaren da kasuwa take so.

A ƙarni na 20 kasuwa ta nemi abu guda, wato ɗan itacen da zai iya tafiya. Jihar Kalifoniya ita kaɗai take samar da kusan kashi 90 cikin 100 na sitiroberin Amurka, kuma dole ne a loda shi a mota ya yi tafiyar dubban kilomita zuwa biranen gabas ba tare da ya dame ba. Haka Sifaniya da Maroko da Masar suke aikawa arewacin Turai a lokacin sanyi. Saboda haka aka riƙa fitar da nau'o'i masu tauri da yawan haihuwa, irin su Elsanta da aka fitar a Holan a 1981, da Chandler da Camarosa na Jami'ar Kalifoniya a shekarun 1980 da 1990. Dukkansu ta hanyar barbara da zaɓe aka same su, yadda manoma suka saba tun fil azal, sai dai da ilimi da haƙuri na shekaru. Wanda yake zaɓe a cikin dubban tsirrai yana iya ganin girma da idonsa, yana iya auna nauyi da sikeli, yana iya gwada tauri da na'ura, amma ƙamshi yana da wuyar aunawa, don haka shi ne ya riƙa zubewa a hanya ba tare da kowa ya yi niyyar zubar da shi ba. Duk matar da take cefane ta san irin wannan a tumatir: mai taurin nan da yake jure tafiya daga Arewa zuwa Legas a kwando ya mamaye kasuwa, mai ruwa da ɗanɗano da iyayenmu suke miya da shi kuwa sai an nema.

Abin da mutane suke kira daɗin sitiroberi ba sukari kaɗai ba ne. Fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗan itacen ruwa ne, sukarinsa kuma bai kai na mangwaro ko ayaba ba ko kusa. Daɗin yana fitowa ne daga daidaiton zaƙi da ɗan tsami, sannan da ƙamshi, wanda masana suka gano sinadarai fiye da 300 da suke haɗuwa su ba da shi. Akwai wani daga cikinsu mai suna methyl anthranilate da yake da yawa a sitiroberin daji, amma yawancin nau'o'in kasuwa sun rasa shi. A 2014 masu bincike na Jami'ar Florida sun wallafa wani nazari da suka yi tare da masu ɗanɗanawa, inda suka nuna cewa wasu sinadaran ƙamshin suna sa mutum ya ji ɗan itacen ya fi zaƙi ko da sukarinsa bai ƙaru ba. Wannan ya bayyana abin da kika tuna, Hajiya. Wancan ƙamshin da yake cika ɗaki rabin zaƙin ne, kuma idan ya tafi, barbaɗa sukari ba ya mayar da shi.

Duk da haka, idan aka ce in nuna babban mai laifi a cikin abin da kike saya a Abuja, ba iri zan fara nunawa ba, lokacin tsinka zan nuna. Mangwaro da ayaba ana iya cire su da ɗanyantakarsu a rufe su nuna a ɗaki, domin suna ɗauke da sitaci da yake rikiɗewa ya zama sukari bayan an cire su. Sitiroberi ba haka yake ba. Sukarinsa daga ganyen uwar yake zuwa kullum har ranar da aka tsinke shi, kuma mafi yawan zaƙi da ƙamshin a kwanakin ƙarshe na nuna suke taruwa. Da zarar an raba shi da uwar, shi ke nan, abin da ya samu ya samu. Fatar tana iya ƙara yin ja a cikin roba, amma cikin ba zai ƙara zaƙi ba. To, manomin da ya san kayansa za su kwana a hannun dillali, su bi hanyar Akwanga da Keffi na sa'o'i a motar da babu sanyi, sannan su zauna a kan kanta kwana biyu ko uku, ba zai jira su nuna sosai ba, domin nunanne kafin ya isa ya zama ruwa. Yakan tsinke ne tun kafaɗar tana fari, wato wajen da yake kusa da ganyen kai. Wanda aka shigo da shi daga waje ta jirgi ma haka ne, ko ma fiye. Farin cikin da kike tararwa wani lokaci halin irin ne, amma idan ya haɗu da tauri da rashin ƙamshi, alamar an yi gaggawar cirewa ce.

Wanda mahaifinki yake kawowa bai yi wannan doguwar tafiya ba. Daga Vom zuwa cikin garin Jos ba wani nisa ba ne, an tsinke shi da safe yana ja har wuya, an ci shi kafin dare, kuma sanyin Filato ya raka shi har gida. Tudun Jos yana da tsayin kusan mita 1,200 daga teku, kuma a watannin Disamba da Janairu rana tana fitowa tarwai, dare kuma ya yi sanyi ƙwarai. Wannan shi ne yanayin da sitiroberi yake so: da rana ganye ya haɗa sukari, da dare sanyi ya hana tsiron ƙona shi, ɗan itacen ya nuna a hankali. Shi ya sa ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a ƙaramar hukumar Jos ta Kudu ya yi suna da nomansa. Har gobe, wanda ya tsaya a bakin gona a can cikin hunturu ya tsinki wanda ya nuna a jikin uwarsa, zai ji ruwansa ya ɓata masa yatsu da ja, ƙamshin kuma ya daɗe a hannunsa. Wannan daɗin bai ɓace daga ƙasar nan ba, isowarsa Abuja ne yake da wuya.

Ɗan rabon bakinki da na ambata shi ne, jin ƙamshi yana raguwa kaɗan-kaɗan da shekaru, kuma harshen da ya saba da lemon kwalba da yogot da askirim masu ƙamshin sitiroberi na haɗi yakan ga na gaskiya kamar ya gaza. Wannan ya fi shafar yaranki fiye da ke, domin wataƙila na haɗin suka fara sani. Akwai kuma gaskiyar da ya kamata a faɗa don adalci ga masu inganta iri. Tsofaffin nau'o'in ba su da yawan haihuwa, cuta tana kama su da sauri, lokacinsu gajere ne, kuma da a kansu aka tsaya da sitiroberi bai zama abin da mai matsakaicin hali zai gani a kasuwa ba. Yanzu ma akalar ta fara juyawa. Tun a 1991 aka fitar da Mara des Bois a Faransa domin dawo da ƙamshin na daji, Japan ta yi fice da nau'o'i masu zaƙi irin su Amaou, kuma jami'o'in da suka ba duniya masu taurin yanzu suna sa ɗanɗano cikin abin da suke aunawa. Abin da yake damuna shi ne mu masu saye a nan har yanzu da ido muke ciniki. Muna ɗaukar robar da aka jera manya a sama, muna ture ƙananan, sai dillali ya koma ya gaya wa manomi cewa manya ake so, manomi kuma ya ƙara taki da ruwa. Muddin ba a biyan nunanne kuɗin da ya fi na ɗanye, babu dalilin da zai sa manomi ya ɗauki kasadar barinsa ya nuna.

Tambaya: Malam, ni ƙaramin manomi ne a Jos ta Kudu. Na lura 'ya'yan da nake tsinka a Disamba da Janairu sun fi zaƙi, amma da an shiga ƙarshen Fabrairu zuwa Maris sai su yi laushi da tsami, masu saye su fara ƙorafi. Sannan shekara da shekaru daga yaɗon gonata nake cire dashe, kuma ina ganin kamar 'ya'yan suna ƙanƙancewa. Mene ne abin yi? Daga wani manomi, Jos ta Kudu.

Amsa: Malam, Allah ya ba da yabanya mai albarka. Abin da ka lura da shi daidai ne, kuma manoman Florida ma suna ganin irinsa a ƙarshen kakarsu, har binciken 2014 da na ambata a sama ya nuna sukari yana raguwa yayin da zafi yake ƙaruwa. Idan bazara ta matso, dare ya daina sanyi, ɗan itacen yakan yi ja da sauri kafin ya tara sukarin da ya kamata, tsiron kuma yana cinye wani ɓangare na abin da ya haɗa da rana. Ga shi a lokacin uwar ta gaji da haihuwa. Ba ka da iko a kan zafin Maris, amma kana iya rage ɓarnarsa: ka shimfiɗa busasshiyar ciyawa mai kauri a kan kunya domin ƙasa ta yi sanyi kuma 'ya'yan kada su taɓa laka, ka riƙa tsinka da sassafe bayan raɓa ta bushe, kuma kada kwandon ya zauna a rana ko na ɗan lokaci. Kayan ƙarshen kaka da suka yi laushi sun fi dacewa da masu yin jam da lemo da yogot, gara ka nemi irin waɗannan masu saye tun da wuri maimakon ka tura su Abuja su dawo maka da ƙorafi.

Inda ka fi iko shi ne taki da ruwa, kuma a nan manoma da yawa suke cutar kansu da kyakkyawar niyya. Yuriya tana sa ganye ya yi duhu ya yi faɗi, gona ta yi kyan gani, amma idan ta yi yawa a lokacin haihuwa sai 'ya'yan su yi girma da laushi, zaƙin ya tsinke, ganyen ya rufe su daga rana, fumfuna mai toka-toka kuma ta samu wurin zama. Da zarar fure ya fito, ka rage ta, ka mai da hankali ga takin da yake da sinadarin fotash, wanda yake taimaka wa ingancin 'ya'ya. Ruwa ma haka ne. Saiwar sitiroberi ba ta nisa cikin ƙasa, saboda haka yana son ban-ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba a bar shi ya yi yaushi sannan a malala masa ba. Wanda ya cika gona da ruwa ana gobe tsinka zai samu nauyi a sikeli, amma ruwa ya sayar wa mutane. Idan kana feshin magani, ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba da za a jira kafin tsinka, ka kuma cika su, domin wannan abu ne da ake ci ɗanye da fatarsa, kuma yara ne suka fi cin sa.

Game da dashe, zarginka yana da tushe. Yaɗon da uwa take fitarwa ba sabon iri ba ne, ita ce dai take maimaita kanta, don haka duk cutar da take ɗauke da ita tana bin ɗiyan. Akwai cututtukan bairos da ƙananan kwari masu tsotsar ganye suke yaɗawa, waɗanda sau da yawa ba sa nuna wata alama a fili sai dai ka ga ƙarfin tsiro da girman 'ya'ya suna raguwa shekara bayan shekara. Akwai kuma cututtukan saiwa da suke taruwa a ƙasa idan ana maimaita shuka a wuri guda. A ƙasashen da noman ya bunƙasa, manoma suna sayen sabon dashe mai shaidar lafiya daga gidajen reno, da yawansu kowace shekara. Kafin irin wannan tsari ya wadata a wurinmu, ka ware wurin reno dabam nesa da gonar haihuwa, ka cire yaɗo daga uwaye masu ƙarfi kaɗai, ka tumɓuke duk wadda ta tsumbure ko ganyenta ya murɗe ka ƙone ta, kuma ka riƙa sauya fili, kana guje wa inda aka cire dankalin Turawa ko tumatir ko tattasai, saboda suna tarayya da sitiroberi a wasu cututtukan ƙasa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a Filato, inda dankali yake ko'ina. Idan za ka sayi sabon iri, ka nemi sanin sunansa, ka gwada shi a kunya kaɗan, ka ɗanɗana 'ya'yansa da bakinka kafin ka cika gona da shi. Manomin Filato ba zai iya gasa da manyan gonakin Masar a yawa ba, amma yana kusa da Abuja da Kaduna da Bauci fiye da kowa, kuma wannan kusancin ne yake ba shi damar sayar da nunanne.

Tambaya: Yaya zan gane mai kyau a kasuwa, kuma yaya zan ajiye shi? Duk wanda na saya washegari sai in ga ya fara fumfuna. Daga wata amarya, Kubwa, Abuja.

Amsa: Amarya, Allah ya ba da zaman lafiya. Ki fara da hanci kafin ido: ki ɗaga robar ki shinshina, idan babu ƙamshi to a baki ma ba za ki samu komai ba. Ki nemi wanda ya yi ja har ƙarƙashin ganyen kai, ganyen kuma kore shar bai yi yaushi ba, kada girma ya ruɗe ki. Ki juya robar ki dubi ƙasanta, domin a nan ake ɓoye waɗanda suka dame, kuma idan kika ga jan ruwa ya kwanta ki ajiye ta. Lokacin na Jos daga wajen Nuwamba ne zuwa Maris, tsakiyarsa kuma shi ne mafi daɗi da araha.

Idan kin kai gida, kada ki wanke sai za a ci, domin danshi ne yake kiran fumfuna. Ki tsince duk wanda ya fara laushi a ci shi a ranar, sauran ki jera su a faffaɗan mazubi a kan takarda mai tsotse ruwa, ba tare da kin ɗora wasu a kan wasu da yawa ba, ki sa a firji. A ɗakunan sanyi na 'yan kasuwa, inda ake riƙe shi a kusa da digiri 0 tun daga gona, yakan kai kwana 5 zuwa 7, amma wanda ya riga ya sha zafin hanya, ga kuma ɗaukewar wuta, kada ki sa ran ya wuce kwana 2. Ki fito da shi daga firji kamar rabin sa'a kafin a ci, saboda sanyi yana danne ƙamshi, ki wanke da ruwa mai tsabta tun ganyen kai yana jiki, sannan ki cire ganyen. Idan kin sayi da yawa a lokacin araha, ki wanke, ki bar su su tsane, ki cire kan, ki daskarar da su a firiza. Za su yi laushi idan sun narke, amma suna da kyau a markaɗa da madara ko a dafa da sukari a yi jam.